Sanyin hunturu a kan babur: amsa ga malami mai bin hanyar Daura zuwa Zango

Wani malamin makarantar firamare da ke zaune a cikin garin Daura ya aiko da tambaya a kan wahalar da yake sha tun da hunturu ya kama. Ya ce yana fita daga gida kafin ƙarfe 7 na safe, ya sauke 'ya'yansa biyu a makarantarsu, sannan ya kama hanyar Zango zuwa ƙauyen da yake koyarwa, tafiyar kusan minti 40. Yakan sa suwaita biyu a ƙarƙashin kaftani, ya naɗa rawani, amma duk da haka yana isa makaranta hannuwansa sun sandare har riƙe alli yana gagararsa, ƙirjinsa yana masa zafi, mura kuma ba ta rabuwa da shi. Ya ƙara da cewa ya ajiye hular kwano domin ba ta shiga a kan rawani, kuma babur ɗin nasa yana ba shi wahala kafin ya tashi da safe. Abin da yake son sani shi ne yadda zai kare kansa ba tare da ya kashe kuɗin da albashinsa ba zai ɗauka ba.

Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan hidima da kake yi wa 'ya'yan jama'a. Na yi shekaru masu yawa ina aikin lafiya a karkara, mafi yawansa a kan babur, ina zagaya ƙananan asibitoci da wuraren rigakafi a ƙasar Daura, daga baya kuma na riƙa horar da sababbin ma'aikata kan yadda za su yi tafiya da babur lafiya. Abin da na fahimta a wannan tsawon lokaci shi ne, iska ce take kwashe wa mai babur ɗumin jikinsa, saboda haka wanda ya tare iska da riga ɗaya mai kyau ya fi wanda ya jibga suwaita uku kwanciyar hankali. Ina kuma so ka ɗauki sandarewar hannun da ka ambata a matsayin babbar magana, domin da hannun nan kake kama birki.

Lokacin da kake fita shi ne mafi sanyi a cikin yini gaba ɗaya. A watannin Disamba da Janairu iskar da ke busowa daga arewa maso gabas, wadda ta ratso Sahara ta kwaso ƙura daga wurare irin su kwarin Bodele na ƙasar Chadi, busasshiya ce ƙwarai. Idan babu danshi a sama kuma babu gajimare, ƙasa takan yi ta sakin zafin da ta tara da rana tun daga magariba har wayewar gari, ba abin da ke mayar mata da shi. Shi ya sa muku-mukun sanyi yake kai matuƙa dab da fitowar rana, wadda a Daura cikin Janairu takan fito wajen ƙarfe 7 saura 'yan mintoci. A irin waɗannan safiyoyi ma'aunin zafi yana iya sauka zuwa digiri 12, wani lokaci 10, alhali da azahar yana komawa kusan 30. Za ka kuma lura cewa idan ka gangara kwari ko ka bi ta gefen fadama sanyin yana ƙaruwa nan take, domin iska mai sanyi ta fi nauyi, kuma cikin dare takan gangara ta kwanta a wurare masu zurfi.

Digiri 10 ga mutumin da ke tsaye a tsakar gida abu ne da riga mai kauri za ta magance. Jikin mutum yana ɗumama wata 'yar siririyar iska da ke manne da fatarsa da cikin tufafinsa, ita ce bargonsa na gaskiya. A kan babur kuwa, iskar tafiya tana share wannan bargo a kowane lokaci, jiki ya sake ɗumama wata, a sake share ta. Hukumomin yanayi na Amurka da Kanada suna da wani lissafi da suke amfani da shi tun 2001 don auna yadda iska ke ƙara sanyi a fata. Bisa wannan lissafi, idan zafin gari digiri 10 ne kuma iska na dukan mutum da gudun kilomita 30 a awa, fatarsa za ta ji kamar digiri 7 ko ƙasa kaɗan. A gudun kilomita 60 za ta ji kamar digiri 5. A gudun kilomita 80 kuma kamar digiri 4. Ka dubi waɗannan alƙaluma da kyau, za ka ga cewa mafi yawan ɓarnar tana faruwa tun a ƙaramin gudu. Ma'anar haka ita ce rage gudu, duk da cewa ina ba ka shawararsa saboda wasu dalilai, ba zai raba ka da sanyi ba, ƙara gudu don a isa da wuri kuma haɗari kawai yake ƙarawa. Sannan Zango tana gabas da Daura, wato da safe kusan fuskantar iskar hunturu kake yi, gudunta yana haɗuwa da naka.

Daga nan za ka gane inda suwaita biyun nan suka gaza. Suwaita saƙa ce mai ƙofofi, aikinta ta riƙe iska mai ɗumi a tsakanin zarenta, kuma tana yin wannan aiki sosai muddin akwai abin da ya rufe ta daga waje. Kaftanin shadda ko na yadi ba ya rufe ta, iska tana ratsa shi, tana kuma shiga ta wuya da ta faffaɗan hannu ta kumbura shi kamar buhu. Abin da kake buƙata a sama da komai shi ne jaket wadda iska ba ta ratsawa, ta fata ko ta irin yadin nan mai santsi da ake yin rigar ruwa da shi. A wajen 'yan gwanjo ana samun su da sauƙin kuɗi, kuma gwajinsu ba wuya: ka manna yadin a bakinka ka hura da ƙarfi, ka sa tafin hannu a ɗaya gefen. Idan ka ji iskar bakinka ta fito, to iskar hanya ma za ta shiga. Ka zaɓi wadda zif ɗinta ke rufewa har maƙogwaro, mai roba ko maɓalli a wuyan hannu, mai tsawon da zai rufe ƙugu idan ka zauna ka miƙa hannu zuwa kan babur, domin jaket da yawa suna yin daidai a tsaye amma su ɗage su bar gadon baya a buɗe da zarar an hau. Idan kana da rigar ruwa da ka ajiye tun bayan damina, ka ɗauko ta ka sa a kan suwaita ɗaya, za ka ji bambanci tun a ranar farko. Kafin ka samu ko ɗaya daga cikinsu, tsohuwar dabarar 'yan acaɓa tana nan: a ninka jarida ko a yanki kwali mai laushi a sa a ƙirji tsakanin suwaita da riga. Ba ta da kyan gani, amma tana tare iska a daidai inda ta fi duka.

Abin da ke ƙarƙashin jaket ɗin ya kamata ya zama hawa-hawa, kuma kada ya matse ka. Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri, saboda iskar da ke tsakaninsu ita ma kariya ce, sannan idan rana ta ɗaga kana iya cire su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ke manne da fata ita ce ta fi buƙatar kulawa. Singiletin auduga yana shan gumi ya riƙe shi, jiƙaƙƙen tufafi kuma yana janye zafin jiki da sauri, domin ruwa ya fi iska saurin ɗauke zafi da kusan ninki 25. Irin rigar da 'yan ƙwallo ke sawa, mai dogon hannu, ta fi dacewa a nan saboda tana saurin bushewa. Wannan magana ta gumi tana da alaƙa da babur ɗinka mai wahalar tashi: idan ka gama shiri tsaf sannan ka tsaya kana buga kik sau 15 ko kana tura shi a lungu, za ka hau hanya da gumi a bayanka, minti 10 kuma ya ishi wannan gumi ya yi sanyi kamar ƙanƙara a jikinka. Ka tayar da babur tukuna, ka bar shi yana aiki, sannan ka sa jaket.

Yanzu sai hannu. Idan jiki ya ji sanyi, yakan matse ƙananan jijiyoyin jinin da ke zuwa yatsu da ƙafafu domin ya tattara ɗumi a wajen zuciya da huhu da sauran kayan ciki. Hannun mai babur yana gaba da komai, a miƙe cikin iska, yana riƙe da roba da ƙarfe masu sanyi, ba ya motsi sosai. Da zarar fatar yatsu ta yi sanyi zuwa wajen digiri 15, ƙwarewarsu takan ragu a fili: ji yana dushewa, ƙarfin damƙa yana raguwa, saƙon da ƙwaƙwalwa ta aika kuma yana jinkiri kafin ya zama aiki. Wata safiya cikin Janairu, a kan wata hanyar birji, garken awaki ya ɓullo mini daga bayan shinge. Idona ya gan su a kan lokaci, amma yatsuna suka ƙi naɗewa a kan birki yadda na saba, sai da na taka na ƙafa da ƙarfi, tayar baya ta zame, na faɗi da akwatin allurar rigakafi a bayana. Allah ya tsare, gurjewa kawai na yi, amma tun ranar ban sake hawa babur cikin hunturu ba tare da safar hannu ba, kuma ban yarda wani da nake horarwa ya yi hakan ba.

Safar hannu ta ulu irin ta yara 'yan makaranta matsalarta ɗaya da ta suwaita, ga shi kuma tana santsi a kan totur. Ka nemi ta fata ko ta yadin da ba ya ratsuwa, mai laushi a ciki, mai dogon wuya da zai hau kan hannun jaket ya toshe wannan ƙofa. Kafin ka biya kuɗi ka sa ta ka dunƙule hannu ka buɗe, ka tabbata za ka iya jan kuloci da birki da danna ham ba tare da wahala ba. Wadda ta matse yatsu tana hana jini gudu, sai ta ƙara maka sanyin da ka saye ta domin shi. Wadda ta yi kauri fiye da kima kuma tana raba ka da jin abin da kake riƙe da shi. Idan da hali, siririyar safa a ciki da ta fata a waje sun fi komai. Wasu suna yanka jarka su ɗaure a gaban maƙallan hannu don tare iska, dabarar kuma tana aiki, da sharaɗin a ɗaure ta gam yadda iska ba za ta turo ta ta danne birki ko kuloci ba, kuma a goge bakin yankan kada ya zama wuƙa idan an faɗi. Wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne cewa ɗumin hannu daga ƙirji yake farawa. Idan gangar jiki ta samu kariya, jiki ba ya rowar jini ga yatsu. Haka nan ka kula da fita da danshin alwala ko na wanke-wanke a hannu. A busasshiyar iskar hunturu ruwa yana saurin tashi daga fata, yana tafiya da zafi. Ka tsane hannu da fuska sarai, ka shafa man kaɗanya ko basilin, sannan ka sa safa.

Maganar rawani da hular kwano ita ce inda zan fi matsa maka. Na san darajar rawani a wurinmu, kuma na san yana ɗumama kunne da wuya, amma ba ya kare ƙoƙon kai daga kwalta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano ga mai tuƙi da fasinja tun 1 ga Janairu 2009, kuma alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da su sun nuna cewa sa ta yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, yana rage raunin kai da kashi 69. Lokacin da hannu ke sanyi kuma hazo ya rufe hanya shi ne lokacin da ka fi buƙatarta. Abin farin ciki, hular kwano mai rufe haɓa da gilashi a gaba ta fi kowane rawani tare iska. Ka sa siririyar hular sanyi a ƙarƙashinta, irin wadda ke rufe kunne da wuya, amma kada ta yi kaurin da zai hana kwanon zama daidai, kuma ka ɗaure igiyar haɓa, domin hular da ba a ɗaure ba takan tashi kafin kai ya taɓa ƙasa. Rawanin ka ninke shi a jaka, ka naɗa abinka idan ka isa. Idan numfashinka yana sa gilashin ya yi suraci, ka ɗaga shi kaɗan kamar faɗin yatsa, ko ka shafa ɗigon sabulun ruwa a cikinsa ka goge da tsumma mai laushi. Kada ka goge ƙurar waje da busasshen hannu, saboda yashi ne, yana kankare gilashin, kankararren gilashi kuma yana watsa hasken rana a ido. Duk abin da za ka naɗa a wuya, ka cusa bakinsa cikin jaket. Jelar rawani, gefen babbar riga da hijabin fasinja suna shiga sarƙa ko tayar baya, kuma na ga raunukan da hakan ya jawo a asibiti.

Zafin ƙirji da murar da ka ambata suna da dalilai biyu da ke tafiya tare. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo mura, amma busasshiyar iska mai sanyi tana busar da laimar da ke cikin hanci da maƙogwaro, wadda ita ce ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta, har fatar cikin hanci ta tsage a yi haɓo. Ƙurar hunturu kuma tana da laushi ƙwarai, tana shiga can cikin huhu. Takunkumi ko ƙyalle mai tsabta a kan hanci da baki yana rage ƙurar, yana kuma riƙe ɗumi da danshin numfashinka ta yadda iskar da za ka shaƙa ba za ta shiga da kaifinta ba. Ka riƙa numfashi ta hanci, ka wanke ƙyallen kullum, ka ajiye na canji domin yakan jiƙe. Idan tari ya wuce mako 2, ko ya zo da zazzaɓi, ko numfashi yana fita da ƙara ko da wahala, ka je asibiti a duba ka, kada ka tsaya ga maganin kemis. Zazzaɓi mai zafi tare da matsanancin ciwon kai da sanƙarewar wuya a wannan yanayi na rani alama ce da ake zargin sanƙarau da ita, kuma ba a kwana da ita a gida. Mai asma ya riƙa tafiya da abin shaƙarsa a aljihun ciki, mai sikila kuma ya san cewa sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna cikin abubuwan da ke tayar masa da ciwo.

Ƙafa ba ta buƙatar dogon bayani. Gwiwa da ƙwauri suna shan iska kamar ƙirji, don haka dogon wando na ciki a ƙarƙashin wanda ka saba sawa, ko wandon rigar ruwa a sama, zai wadatar. Ka cusa ƙafar wandon ciki a cikin safa, ka sa takalmi rufaffe. Silifa da takalmin fata mai buɗaɗɗen baya suna cikin abubuwan da ke kawo faso da kaushi, kuma ba sa kare yatsu idan ƙafa ta bugi dutse.

Ka ambaci yaran a taƙaice, amma ni sun fi tsaya mini a rai. Al'adarmu ce a ɗora ƙarami a kan tanki a gaban uba, wato a sa shi a inda iska ta fi ƙarfi, ya zama shi ne garkuwar babba. Yaro yana rasa ɗumin jiki da sauri fiye da babba saboda faɗin fatarsa yana da yawa idan aka gwada da nauyinsa, kuma sau da yawa ba zai ce yana jin sanyi ba, sai dai a ga ya yi shiru. Wurin yaro shi ne bayanka, inda jikinka zai tare masa iska, idan ya kai girman da ƙafarsa ke taka matakala kuma yana iya riƙe ka da kyau. Kayan makaranta yawanci yadi ne marar kauri, saboda haka a sa musu riga a ciki, jaket a sama, hula mai rufe kunne, safar hannu da ta ƙafa, a rufe musu hanci, a shafe su da mai kafin su fita, su ma kuma a nema musu hular kwano daidai kansu. Babur an yi shi ne don mutum biyu. Idan makarantar tasu a cikin gari take, ya fi mini kwanciyar hankali ka kai su ɗaya bayan ɗaya, ko babban ya taka da ƙafa tare da 'yan unguwa, domin tafiyar ƙasa ma tana ɗumama jiki.

Kada ka fita da yunwa. Zafin jiki daga abinci yake fitowa, kuma koko da ƙosai, kunun gyaɗa ko shayi da burodi kafin a hau hanya suna yin aikin da riga ba za ta yi ba. Ka sha ruwa ko da ba ka jin ƙishirwa, domin busasshiyar iska tana zuƙe ruwan jiki ta numfashi, sanyi kuma yana sa yawan fitsari yana danne jin ƙishi. Tun da watan azumi yana matsowa baya da kusan kwana 11 a kowace shekara, a 'yan shekarun nan yana shigowa cikin lokacin sanyi, sai a kula da sahur mai nauyi da isasshen ruwa. Akwai matasa masu sana'ar babur da ke shan taramol da makamantansa da sunan maganin sanyi da gajiya. Abin da ƙwayar ke yi shi ne ta dushe jin sanyin alhali jiki yana ci gaba da yin sanyi, ta kuma rage hanzarin tunani. Taba sigari ita ma tana ƙara matse jijiyoyin yatsu. Ina faɗin wannan ne domin ka isar wa tsofaffin ɗalibanka da suka shiga wannan sana'a.

Zafin jikin mutum mai lafiya yana wajen digiri 37, idan ya sauka ƙasa da 35 an shiga yanayi mai haɗari. Tafiyar minti 40 da kaya masu kyau ba za ta kai ka nan ba, amma ka san alamomin farko: karkarwar da ba ka iya tsayarwa, haƙora na haɗuwa, kuskuren sa giya, tunani na yawo, ko ka ga ka wuce wani wuri ba ka tuna wucewarsa ba. Idan ka ji ɗaya daga cikinsu ka tsaya. Tsayawar minti 5 a wajen mai shayi a Zango, ka taka ƙafa, ka kaɗa hannuwa, ka cusa yatsu a hammata, ta fi a ce ka isa da wuri a wani hali. Hannun da ya sandare ba ya jin ƙuna, don haka kada ka ɗora shi a kan salansa ko injin, kada kuma ka kai shi dab da harshen wuta. Jaket na roba yana narkewa ya manne da fata idan tartsatsi ya same shi, safar da fetur ya taɓa kuwa ba a matsawa da ita kusa da wuta ko kaɗan.

Game da babur ɗin, wahalar tashi da safe abu ne da aka sani ga injin mai kafireto, irin na Boxer da Jincheng da sauran waɗanda suka cika hanyoyinmu. Fetur ba ya saurin zama tururi a cikin injin mai sanyi, baƙin mai yana yin kauri, batir kuma ƙarfinsa yana raguwa. Cok, wato abin nan da ake ja ya rage iskar da ke shiga injin, an yi shi ne domin wannan: ka ja shi, ka buga kik ba tare da murɗa totur da yawa ba, idan ya tashi ka bar shi minti 1 ko 2 yana aiki a hankali, sannan ka mayar da cok ɗin. Mantawa da shi a jaye yana shan mai yana kuma baƙanta fulogi. Kada ka yi ta zuga injin da zarar ya tashi, saboda man bai gama zagayawa ba, a nan ne ƙarfe ke cin ƙarfe. Idan duk da haka yana gardama, ka sa bakanike ya duba fulogi da batir, ya kuma buɗe matatar iska. Ita ce abin da hunturu ya fi cutarwa: ƙura tana toshe ta, injin ya rasa iska, ya riƙa shan mai yana rasa ƙarfi, idan kuma ta yage ƙurar ta wuce ciki ta cinye fistin da zobbansa. A wannan lokaci a riƙa duba ta duk mako ko biyu, ta soso a wanke a busar a ɗan shafa mata mai, ta takarda kuma a kakkaɓe ko a canza. Baƙin mai a canza shi da wuri fiye da yadda aka saba. Sarƙa idan aka zuba mata mai a kan ƙura, haɗin yana zama kamar dutsen wasa wuƙa, don haka a wanke ta da kananzir tukuna, a sa mai kaɗan, a goge ragowar, a kuma bar murfinta a rufe. Iskar taya tana raguwa kaɗan idan gari ya yi sanyi, sai ka riƙa sa mai faci ya auna maka da safe kafin tayar ta ɗau zafi. Kwana a cikin zaure ko a lulluɓe da buhu yana sauƙaƙa tashin babur fiye da kwana a fili.

A kan hanya kuma, ranar da hazo ya sauka sosai Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya takan yi gargaɗin cewa nisan da ido ke gani zai iya komawa ƙasa da kilomita 1, kuma kai da ke tafiya gabas da safe kana da ƙarin matsalar rana mai fitowa tana dukan idonka ta cikin ƙura. Direban da ke bayanka shi ma ita yake kallo, wato da ƙyar yake ganinka. Ka kunna fitila ko da gari ya waye, ka tabbata jar fitilar baya tana aiki kuma ba ƙura a kanta, ka zaɓi jaket mai haske ko ka ɗora riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya a kai. Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa babur kilomita 50 a awa, kuma a cikin hazo ko wannan yana iya yin yawa. Iska tana tara yashi a gefen kwalta da kan kwana, amalanken shanu da masu keke da garken dabbobi kuma suna fitowa da sassafe ba fitila, musamman ranakun kasuwa. Idan babbar mota ta wuce ta tayar da ƙura, ka sassauta har ta lafa kafin ka ci gaba.

Idan kuɗi ba za su isa a sayi komai lokaci ɗaya ba, ka fara da safar hannu da jaket, tun da hular kwano kana da ita, sauran kuma a bi su a hankali. Da rana idan za ka dawo, ka cire na ciki ka ɗaure a bayan babur, ka bar jaket da hula da safa a jikinka, domin kariyar da suke bayarwa idan an faɗi ba ta da lokaci. In ka iso gida ka kakkaɓe su, ka shanya safar hannu da ƙyallen hanci su bushe kafin gobe. Kada a shigar da kaskon gawayi cikin ɗaki a rufe ƙofa da taga don busar da kaya ko ɗumama yara: garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana sa ciwon kai da jiri da barci mai nauyi, kuma tana kashe mutane a cikin barcinsu. A ji ɗumi a tsakar gida ko a inda iska ke shiga, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta.